Mikiron Gita da Muka Naɗa a Keita

Sana'ata gyaran rediyo ce. A Madawa na koye ta, wajen wani dattijo da ya yi zaman Sakkwato ya dawo da ƙarfen dalma da buhu guda na matattun rediyoyi. Da idonsa ya daina ganin ƙananan wayoyi sai ya bar mini rumfar da ke bakin tasha, ya koma lambunsa na albasa. A lokacin babbar yunwar farko ta wuce, ƴan cin rani suna dawowa daga Abijan da Legas kowa da rediyo a kafaɗa, kuma rediyon da ta sha hanyar mota ba kasafai take isowa lafiya ba. Aiki bai taɓa yanke mini ba.

Sau ɗaya tak na taɓa gita mai wuta a waɗannan shekarun. Wasu malaman lakwal ne, wato makarantar boko, suka haɗa ƙungiyar kiɗa suna yi a wajen biki, ranar nan tasu ta yi shiru suka kawo mini. A ƙarƙashin tsarkiyoyinta akwai wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa wanda suke kira mikiro, shi ke ɗaukar motsin tsarkiya ya mai da shi wuta ya aika wa akwatin lasifika da suke kira ampili, ampili ya fitar da ƙara. Na ɓamɓare murfinsa da wuƙa. Ba komai a ciki sai maganaɗisu da wayar jan ƙarfe mai sirantakar gashi da aka naɗa masa. Bakin wayar ne ya tsinke, na liƙe da dalma na mayar musu. Iyakar abin da na sani game da gita ke nan.

A Madawa na yi aure. Matata ƴar Sabon Gida ce, ta zo da keken ɗinki na hannu wanda babanta ya saya mata, irin baƙin nan mai zanen ruwan zinariya da ake juyawa da mariƙi. Tana ɗinka wa matan unguwa riguna da kayan yara. Muka sami ɗiya. Ta fari ce, don haka ni da uwarta ba ma faɗin sunanta, ba ma yi mata wasa in da idon mutane. Haka aka yi mana, haka muka yi. In na dawo daga rumfa na tarar ba kowa a tsakar gida, nakan ba ta maɓallin tsohuwar rediyo, ta zauna tana murɗa shi a ƙasa.

Shekarar da ruwa ya ƙi zuwa karo na biyu, mutane suka daina kawo rediyo gyara, suka koma kawo ta sayarwa. Na rufe rumfa muka koma garinmu a ƙasar Babankatami, wai ko a gida abin zai fi sauƙi. Bai fi ba, rumbunan gidanmu an share su har ƙasa. Cikin bazara ƙyanda ta shigo garin tana bin yara gida-gida. Tamu ta kwana shida. Shekararta uku da ƴan watanni. Ni na ɗauke ta a ƴar tabarma, muka kai ta muka dawo. Masu gaisuwa suna ta yaba haƙurinmu, suna cewa kunyar ɗan fari ce ta hana mu kuka. Ban san na uwarta ba, ni dai nawa ba kunya ba ne. Na duba cikina ban tarar da komai ba. Ina jin yunwa, ina jin ƙishirwa, in na taka ƙaya ina jin zafi, amma bayan wannan sai ka ce ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Ba a jima ba muka ji ana ɗaukar mutane aiki a Keita. Turawa ne suka zo da motoci da injuna suna gyaran ƙasa, ana haƙa ramuka a jikin tsaunuka, ana jera duwatsu don a tare ruwa, ana dasa itatuwa, ana ba masu aikin abinci. Muka tafi. Mata sun fi yawa a wurin, don maza sun watse cin rani, matata ta shiga cikin masu ɗaukar dutse. Ni kuma wani direba da ya san rumfata ta Madawa ya kai ni garajin aikin ya ce na iya waya. Aka ba ni gyaran dinamo da fitilu da duk abin da ya shafi wutar manyan motoci. Muka sami ɗaki ɗaya a gidan wata tsohuwa bayan kasuwa.

Da safe ta ɗauki gammonta ta fita, ni ma in fita. Da la'asar ta dawo ƙafafunta fari fat, ta yi wanka, ta ɗora tukunya. Ba mu taɓa faɗa ba. Ta ce ga ruwa, in ce sannu. Ta ce ga tuwo, in ce madalla. Keken ɗinkin yana kusurwar ɗaki a naɗe cikin zane, an ɗaure shi da igiya tun daga garinmu, ba wanda ya kwance.

Shugaban garajin wani anasara ne saurayi, bai kai talatin ba, mai dogon gashi da yake ɗaurewa da robar tayar keke. Faransancinsa bai fi nawa kyau ba, shi ya sa muke fahimtar juna. Yana ce mini shef, wato shugaba, alhali shi ne shef ɗin. In an tashi hutun rana yakan saka kaset a rediyonsa ya ƙure ƙara. Ban taɓa jin irin kiɗan ba. Ganguna kamar ana sussukar dawa da gaggawa, gita tana gurnani kamar babbar mota ta ɗauko siminti tana hawan tudu, wani kuma yana ihu a kai. Direbobi sukan kwashe shayinsu su koma ƙarƙashin bagaruwar da ke waje, suna cewa kiɗan aljanu ne. Ni ba na tashi. Ba don yana mini daɗi ba, bai dai dame ni ba, kamar yadda komai bai dame ni ba. Shi kuwa ya ɗauka ya sami abokin ji. Ya gaya mini sunan kiɗan, ya ce ma'anarsa ƙarfe mai nauyi, ya ce a garinsu su huɗu ne suke yin irinsa a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa.

Ranar nan ya zo da gita ja, da ɗan ampili, da wani ƙaramin akwati da ake takawa da ƙafa don muryar gitar ta yi kaushi. Ya haɗa su da wutar injin garaji. Tun kafin ya taɓa tsarkiya ampilin ya kama zuuu kamar gidan zuma. Ya kaɗa. Muryar siririya ce, mai tsami, ba nauyi. Ya kashe, ya saka kaset, ya bari ya ɗan yi, ya kashe.

Ya ce, "Ka ji, shef? Can bijimi, nan ɗan akuya."

Na ce, "Ampilin ne ƙarami."

"Ba ampili ba ne. Wannan ne." Ya ƙwanƙwasa mikiron da ke kusa da gindin tsarkiyoyi. "Ba shi da ƙarfi, kuma duk hayaniyar inji yake kwasowa. Na aika gida a kawo mini mai kyau, wata biyar ke nan shiru."

Ya ɗauki alli ya zana mini a ƙofar mota. Naɗi biyu yake so gefe da gefe a maimakon ɗaya, kowanne da ƙarafa shida, ɗaya ƙarƙashin kowace tsarkiya. Ɗaya a naɗa shi dama, ɗaya hagu, fuskar maganaɗisu ma a juya, ta haka hayaniyar da wannan ya kwaso sai wancan ya kashe ta, muryar tsarkiya kuwa ta ninka. Waya ta yi yawa, kamar zagaye dubu biyar kowanne, maganaɗisun kuma ya zama mai ƙarfi.

Ya ce, "Za ka iya?"

"Ban taɓa yi ba."

"Ban tambaye ka ko ka taɓa ba."

Na ce ya bar ta. A lokacin duk abin da aka ajiye a gabana yi nake, da an ce in tsefe igiyar rijiya zare-zare da na zauna na tsefe.

Neman kayan ya ɗauke ni mako biyu. Wayar ce mai wuya, don ba a sayar da irinta ko a birnin Tawa. Sai na tuna da bobina, gwangwanin nan da ke ba buji, wato fulogin mota, wuta. Na yanka matattu guda uku da zarto kafin in sami wadda wayarta ba ta ƙone ba. Mai ne a ciki, na zubar, na wanke naɗin da esansi, wato fetur, na warware wayar a hankali na mayar da ita kan kwarkwaron zare. In ka ɗora ta a tafin hannu ba ka jin komai, sai rana ta haska ta kake ganinta. Maganaɗisu na ciro daga bayan wata lasifika da ta yage, na fasa shi da guduma, na zaɓi ɓangaren da ya fi tsawo na yi ta gogawa a dutsen wasa wuƙa har ya miƙe. Na ari ƴar allurar nan mai nuna arewa a wajen masu awon ƙasa na gane fuskokinsa. Na yanka allon cikin wata tsohuwar rediyo na yi gidajen naɗin guda biyu, na huda ramuka shida-shida, na zura ƙananan kusoshi masu zare.

Saura naɗi. Na gwada da hannu, na yi zagaye ɗari biyu cikin abin da ya fi awa, na ga ba inda za a je. Abin da ake bukata abu ne mai juyawa daidai, ba gaggawa, ba tsayawa. Da la'asar na koma gida na tarar da matata a bakin ƙofa tana tsintar wake.

Na ce, "Ina son in ari kekenki."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ga shi nan."

Na kwance igiyar, na yaye zanen. Akwai ƴar riga a ƙarƙashin allura, shuɗiya mai ƙananan furanni, an ɗinka hannu ɗaya, ɗayan bai kai ƙarshe ba, allurar tana soke a ciki. Ta ɗiyarmu ce, uwarta tana cikin ɗinkinta ne zazzaɓin ya fara. Na ɗaga allurar, na yanke zaren, na ninke rigar. Na tsaya da ita a hannu ban san inda zan ajiye ba, sai na ɗora a kan kwallarta. Daga inda take zaune tana ganina. Ta ci gaba da tsintar wake. Da na duba washegari rigar ba ta nan, ban tambaya ba.

Na ɗaure gidan naɗin a jikin ƙafar keken da roba, na ajiye kwarkwaron waya a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Hannun dama yana juya mariƙi, na hagu yana riƙe da waya yana kai ta gefe zuwa gefe. Sau uku tana tsinkewa kafin in kai ko'ina. A na ukun matata ta ajiye faifan wake ta shigo.

Ta ce, "Hannunka na hizga. Ba ni."

Ta zauna ta kama mariƙin. Tafin hannunta duk ya tsage saboda dutse, amma da ta fara juyawa keken ya koma muryarsa ta da, wadda na saba ji a Madawa in na shigo gida. Na riƙe wayar da ɗan ƙyalle don kada kaushin yatsuna ya kankare ta. Juyi ɗaya na mariƙi, ƙafar keken takan zaga sau uku, don haka na lissafa mata abin da ake nema. Ita ke ƙirgawa a hankali, in ta kai ɗari ta jefa ƙwayar wake ɗaya a ƙoƙo. Wake goma sha bakwai naɗi ɗaya ke nan.

A baki abin kaɗan ne, amma kwana tara muka yi a kai. Wayar ba ta ganuwa sai tsakanin la'asar da magariba, lokacin da rana ke shigowa ta ƙofa, kuma in iska ta kaɗa sai a tsaya. Ranar farko mun kai wake goma sha ɗaya ta tsinke a can ciki, bakin ya ɓace. Na yanke naɗin duka da reza na zubar, ta juye waken a faifai, muka sake. Ba wanda ya yi tsaki. Tsohuwar gidan ta leƙo ta ga mutum biyu zaune ɗaya na juya keke ba ƙyalle, ɗaya na riƙe da abin da ba a gani, ta yi salati ta koma.

A rana ta huɗu ko ta biyar ne, ta fara sabon ɗari, ta ce ɗaya, biyu, uku, sai hannunta ya tsaya. Na ɗauka waya ce ta tsinke, na duba, tana nan.

Ta ce, "Ta iya ƙirga har biyar."

Na riƙe wayar, na gane ɗiyarmu take nufi.

"Sai dai tana tsallake huɗu."

Na ce, "I, tana tsallakewa."

Muka zauna haka. A waje akuyar tsohuwa tana jan ƙaran danga. Na jira in ji ko wani abu zai motsa a ƙirjina, don na san nan ne wurin da ya kamata ya motsa. Abin da na lura da shi kawai shi ne rana ta kusa barin bakin ƙofa. Ita ma ta duba ƙofar, ta kama mariƙin, ta ce huɗu, ta ci gaba. Iyakar maganar da muka yi a kan yarinyar ke nan a duk zamanmu na Keita.

Da muka zo naɗi na biyu na ce mata wannan baya za a juya. Ta ce keke ba ya son baya, lalacewa yake. Sai na kife gidan naɗin na ɗaure shi ta ɗaya fuskar, ta ci gaba da juyawa yadda ta saba. Na haɗa biyun, na liƙa maganaɗisun a ƙarƙashinsu, na auna da mitar garaji. Allurar mitar ta tafi inda anasaran ya ce ta tafi.

Ramin da ke jikin gitar na naɗi ɗaya ne, dole a faɗaɗa shi. Na ari kurfi wajen kafinta. Da na ɗora bakinsa a kan jan fentin, anasaran ya juya baya ya fita, bai dawo ba sai da ya ji guduma ta yi shiru. Na zaunar da sabon mikiron, na liƙe wayoyinsa, ya mayar da tsarkiyoyi ya ɗaure su. Ya kunna ampili, ya taka akwatin. Wani irin kuka mai tsini ya fito, kamar an take wutsiyar kare ba a ɗaga ƙafa ba. Direbobin da ke waje suka toshe kunne. Ya kashe da sauri.

Ya ce, "Wayar tana rawa a ciki. Da ƙara ta buge ta sai ta motsa, motsin ya koma ƙara. A can gida tsoma su ake yi a kaki."

Ranar kasuwa na sayo kakin zuma wajen wani Buzu, na haɗa da kyandir biyu. Na zuba a gwangwanin tumatir zan ɗora a wuta, matata ta ce in na yi haka ƙonewa zai yi. Ta ɗora tukunyar ruwa, ta saka gwangwanin a ciki, ta yi ta janye itace tana mayarwa har kakin ya narke ya tsaya ba tafasa. Na ɗaure mikiron da zare na tsoma. Ƙananan kumfa suka riƙa tasowa daga cikin naɗin ɗaya bayan ɗaya. Muka tsuguna muna kallo har suka daina. Ɗakin ya kwana biyu yana ƙanshin zuma.

Ranar Lahadi bayan azahar muka sake gwadawa, garaji ba kowa sai mu biyu. Ya kunna ampilin. Shiru. Ya duba wayar wuta, ya duba ni, ya ɗauka abin ya mutu. Na nuna masa jar fitilar ampilin tana ci. Hayaniyar inji ce ta tafi, ba wani abu ba. Ya ƙure maɓalli, ya taka akwatin, ya ɗora gefen tafinsa a kan gindin tsarkiyoyi, ya bugi mai kaurin.

Ina zaune a kan taya, tsakanina da ampilin bai fi taku ɗaya ba. Ƙarar ba ta kunne ta shige ni ba, ta haƙarƙari ta shiga. Kwanon rufin garaji ya amsa, kusoshin da ke kan tebur suka fara tafiya da kansu. Ya riƙa bugawa gajere-gajere, dum dum dum, sannan ya saki, muryar ta tsaya a iska tana gurnani ba ta faɗi ba. Na ji ta a haƙorana, na ji ta a cikina, a daidai wurin nan da na yi wata da watanni ina dubawa ba komai. Ba baƙin ciki ba ne, ba murna ba ce, girgiza ce kawai, amma daga waje ta zo kuma ta kai ciki. Ya yi ta yi, gashinsa ya kwance ya rufe masa fuska. Da ya ɗaga hannu ya tsaya, ita ma ta tsaya. Na koma yadda nake.

Ya ajiye gitar ya rungume ni, rigarsa sharkaf da zufa. Na tsaya har ya sake ni. Ya ce ko na kanti bai fi wannan ba, ya ce in gaya wa madam ya gode.

Daga nan kowace Lahadi nakan je in zauna a kan wannan tayar. Ya yi ƙoƙarin koya mini, ya ɗora yatsuna a kan tsarkiyoyi, ya nuna mini inda ake dannawa. Na yi sau biyu na mayar masa.

Ya ce, "Ba ka son ka iya?"

Na ce, "A'a."

"To me kake zuwa yi?"

"Ƙara mata ƙara."

Ya dube ni. Ban san abin da direbobi suka gaya masa a kaina ba, ko ma sun gaya masa. Bai sake tambaya ba, ya murɗa maɓallin. Daga baya yakan juyo ampilin ya fuskance ni tun kafin in zauna. Cikin wata na biyu kunnena na hagu ya fara wani siririn kuka wanda ba ya tsayawa. Har yau yana nan, in wuri ya yi shiru ina jinsa, kuma in mutum zai yi mini magana sai ya zagayo ta dama.

Sau ɗaya matata ta zo. Na fita ban sha fura ba, ta biyo ni da ita a ƙwarya. Ban ga shigowarta ba, sai da na waiga na hango ta tsaye a bakin babbar ƙofar garajin, wadda aka yi da kwano. Anasaran yana tsakiyar kaɗawa, bai ganta ba. Na tashi na je na karɓi ƙwaryar. Sai da ta kawo bakinta kusa da kunnena na ji ta.

Ta ce, "Wanga ne munka ƙirga?"

Na ce, "Shi ne."

Ta ce, "To."

Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙofar, inda kwanon yake rawa, ta bar shi a nan. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta tsaya haka har ya kai ƙarshen abin da yake kaɗawa, sannan ta sauke hannun, ta gyara mayafinta ta tafi. Da na koma gida ba ta yi zancen ba, ni ma ban yi ba.

Gab da damina wa'adin aikinsa ya cika. Ya tafi da gitarsa, ya bar mini mitar awonsa da ƙarfen dalma mai wuta. Mun yi sallama a bakin garaji, ya ce zai rubuto, ban ba shi adireshi ba don ba ni da shi. Wanda ya maye gurbinsa dattijo ne mai son shiru. Lahadin farko na je garajin duk da haka, na tarar da shi a kulle, na ɗan tsaya na dawo.

Da ruwan farko ya sauka muka nemi izini mu je gida mu yi shuka. Motar aikin ta sauke mu a Buza, muka zauna a tasha muna jiran wadda za ta bi ta wajen garinmu. Rana ta yi zafi, ƙasa tana turiri, ƙudaje sun cika rumfar. Tana zaune a kan ƙunshin kayanmu, ina tsaye.

Ta ce, "Malam."

Na juyo mata da kunnen dama.

"Ina da ciki. Wata ukku ke nan."

Na ce, "Allah shi raba lahiya."

Ta ce, "Amin."

Na tsaya ina jira in ga wanne zai zo, tsoro ko murna. Ba wanda ya zo. Sai na ga bai kamata in tsaya haka kawai ba, na tsallaka hanya na sayo mata ƙosai da ruwan sanyi na randa. Ta ci uku ta miƙo mini sauran. Da motar ta iso na je wajen direba na roƙe shi ya bar ta ta zauna a gaba, don hanyar duk duwatsu ce. Ya ce gaba ta cika. Wani malami da ke zaune a ciki ya ji, ya sauko da buta da carbinsa, ya hau baya. Ni da shi muka zauna a kan buhunan iri, muka riƙe ƙarfen motar har gari.

Gero ya yi a shekarar, ba sosai ba, amma ya yi. Bayan an gama kai dammuna gida ta haihu, namiji. Ranar suna da asuba liman ya raɗa masa suna, aka yanka tunkiya, wanzami ya yi masa aski. Da hantsi yayata ta fito da shi daga ɗaki ta ɗora mini a hannu, ta ce wannan ba na fari ba ne, ba ruwana da kunyar kowa. Na riƙe shi har ya farka ya fara neman nono, sannan na mayar mata.